Akwatin bas a bayan mota: wurin ajiya ya fi yawan wat

Maganar yau ta ƴan mota ce, musamman samarin da ke sa akwatin bas a bayan ƙananan motocinsu, abin da wasu ke ce wa keson, wasu kuma su ce bum-bum. Iyaye, ku ma kar ku wuce, akwai rabonku a ciki.

Kun san motocin da nake nufi: Starlet, Golf, Peugeot 206, Yaris, masu guntun bayan nan da ƙofar kofur ɗinsu ke ɗagawa sama tare da gilashi, waɗanda galibinsu ta tashar Kwatano ko ta Lome suka shigo muna. Saurayi zai tara kuɗinsa ya sayi bafil na santimita 30 ko 38, ya sayi ampli, kafinta ya haɗa mashi akwati, a jefa a baya, a ja waya, shi kenan. Ranar kortej ɗin biki sai a ga ta wa ta fi tashi. In ta abokinsa ta fi, magani guda ya sani: a ƙaro wat. A saida wannan ampli a sayo babba, a ƙara bafil na biyu. Kuɗi na tafiya, batiri na mutuwa, ƙarar kuma ba ta kai inda ya zata ba.

To akwai ƙasashen da abin ga ya zama wasa mai doka da alƙali da kofi. Kuma babban abin da masu wannan wasa suka gano shi ne, wurin da ka aje akwati da inda bakinsa ya fuskanta na iya ba ka abin da jikkunan da ka zuba a ampli ba su ba ka ba. Ni da cin abincina ke cikin sauti, daga safe zuwa dare ina gaban mikro, abin ya burge ni ƙwarai, shi ya sa na ce bari in kawo maku shi.

Asalin wasan a Amurka yake. Akwai ƙungiyoyi irin su IASCA da MECA da USACi, a Turai kuma akwai EMMA. Wadda ta fi suna wajen ƙara zalla ita ce dB Drag Racing, wadda wani Ba'amurke mai suna Wayne Harris ya kafa a shekarun 1990. Tun a shekarun 1980 aka san mutumin nan da wata tsohuwar Cadillac ta ɗaukar gawa, ƙirar 1960, da ya cika da bafil ya raɗa mata suna Terminator. Shi ne kuma ya ƙera na'urar awon da ake ce wa Term-LAB, wadda ake aiki da ita a gasar.

Ga yadda ake yi. Motoci biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa kamar za su yi tsere, alhali ko taya ba za ta motsa ba. Alƙali zai manna ƙaramin kunnen na'ura a gilashin gaba ta ciki, ɓangaren fasinja, dab da tabulo. A rufe ƙofofi da gilasai. A ba su daƙiƙa 30. Galibi ba waƙa suke sawa ba, sauti guda ne tak mai kauri, “buuuu”, na daƙiƙa biyu ko uku, a kashe. Lamba ta fito a allo, wanda tasa ta fi ya wuce. Sautin da ake aunawa mai kauri ne kawai, wanda bai wuce 80 Hz ba. Motocin da suka kai maƙura, waɗanda aka zuba wa kankare a jiki, aka sa masu gilashi mai kaurin tafin hannu, ake ɗaure ƙofofinsu da kusoshi, sun haura 180 dB. Waɗannan sun tashi daga motar hawa, sun koma akwatin ƙarfe mai taya. Amma akwai ƙananan rukunai na motocin yau da kullum, inda doka ta ƙayyade yawan bafil, ta kuma ce akwati ya tsaya bayan ginshiƙin da ke bayan ƙofar direba. A nan ne dabarar ajiya ke raba gardama, tunda kowa kayansa kusan ɗaya ne da na abokin karawarsa. Kuma a nan ne masu guntun baya suka yi suna: Honda CRX a Amurka, tsohuwar Fiat Panda a Turai.

Kafin mu shiga kofur, bari mu fahimci lambar nan ta dB, wato desibel, don ita ce ke cinye kuɗin samarinmu. Lissafinta ba irin na buhun gero ba ne da za a ce biyu da biyu huɗu. In kana da ampli na wat 500 ka koma na 1000, a takarda 3 dB kacal ka ƙara, a zahiri ma sau da yawa ba ya kaiwa. In kana son ƙarin 10 dB, wanda shi ne kunne ke ji kamar ƙara ta ninka biyu, sai ka ninka wat ɗinka sau goma. Daga 500 zuwa 5000 ke nan. Ka ga inda aljihu zai tsaya. Su kuwa masu gasa, da 0.1 dB ake kada mutum. Don haka duk abin da zai ba su rabin desibel kyauta, ba su wasa da shi.

Me ya sa mota mai guntun baya? Dubi mota mai kofur daban, irin Corolla ko Mercedes. Akwati na can kulle a baya, tsakaninsa da mutane akwai kujera da ƙarfe da katifa. Tamkar mai kiɗa ne a ɗaki guda, masu sauraro a wani ɗakin, ƙofa a rufe. Wani kaso na ƙarfin a kaɗa murfin kofur da lambar mota yake ƙarewa, shi ne “kar-kar-kar” ɗin da kuke ji in ta wuce. A Starlet ko Golf kuwa ɗaki guda ne daga ƙofar baya har gilashin gaba, iska ɗaya ce. Kuma ɗakin ƙarami ne, ƙaramin ɗaki kuwa ya fi saurin cika.

A nan sai na tuna mushenmu na fizik a lise, da ɗan lissafin da ya sha rubuta muna a allo muna hamma: tsawon igiyar sauti shi ne gudun sauti a raba da yawan kaɗawarsa. Sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa in zafin iska na digiri 20. Sautin 50 Hz, wato mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, igiyarsa guda ta kusa mita 7. Na 40 Hz ta haura mita 8 da rabi. Cikin Starlet kuwa, daga baya zuwa gaba, bai cika mita 3 ba. Igiyar ta fi ɗakin tsawo. In haka ta faru, bafil ya zama kamar famfon buga iska: ya matse iskar motar gaba ɗaya, ya saki, ya matse, ya saki. Shi ya sa akwatin da ka gwada a tsakar gida ka raina shi, in ya shiga mota sai ya dake ka a ƙirji. Motar ce da kanta ke ƙara mashi ƙarfi, kyauta.

Amma motar da ke bayarwa tana iya ƙwacewa. Sauti mai kauri ba kamar hasken tocila yake ba da zai bi gaba kawai, ko'ina yake bazuwa. A ce ka jingina akwati da bayan kujera, bafil na kallon direba, kamar yadda da yawa ke yi don a ga kyansa. Wani kaso na sautin zai miƙe gaba. Wani kason zai zagaya baya, ya bugi ƙofar kofur, ya dawo, ya iso a makare. In latin da ya yi ya kai rabin igiya, lokacin da na farko ke tura iska shi yana janyewa, sai su kashe juna. Kamar mata biyu ne a turmi guda: in sun daidaita luguden, aiki na sauri, in suka saɓa sai taɓare su yi karo. Tazarar da ke jawo cikakken karon ita ce kwatan igiya, wato wajen mita 1.7 ga sautin 50 Hz, mita ɗaya da ɗan kai ga na 80 Hz. Ko tazarar ba ta kai haka ba, asara ta riga ta fara. Ka biya kuɗin wat, wat ɗin na faɗa da junansu a bayanka.

Wannan ne dalilin da ya sa ajiyar farko da masu gasa ke gwadawa a irin motocin ga ita ce a juya akwati ya ba mutane baya: bafil na kallon ƙofar kofur, ramin iska ma na kallon can, akwatin kuma a matsa shi kusa da ƙofar. Mutum zai ce ai an juya shi ba daidai ba. Amma tunda yana kusa da bangon da zai buga, sautin da ya fito da wanda ya dawo kusan tare suke tashi, sai su haɗu su nufi gaba a matsayin abu guda. Mu ma a situdiyo mun san haka: ɗauki bafil daga tsakiyar ɗaki ka kai shi kusurwa, kaurinsa zai ƙaru ba tare da ka taɓa maɓalli ba.

Ajiya ta biyu, wadda ta shahara a CRX da manyan motoci masu buɗaɗɗen baya, ita ce bafil ya kalli sama, ramin iska ya kalli baya. Gilashin baya da ke kwance a karkace sai ya zama kamar hannu mai tura iskar gaba ta saman kujeru. Ta uku kuwa, a fitar da ramin iska ta gefe. Masu yin haka galibi ɓangaren direba suke kai shi, don kunnen na'urar alƙali na ɓangaren fasinja a gaba, wato kusurwar da ta fi nisa da ramin. Kun ga ke nan ba don daɗin kunnen direba suke ajiya ba, don wuri guda ne tak a jikin gilashi. Wata ƙungiyar a ƙasan ƙafar fasinja take sa na'urarta, wata a wajen kan kujera, kuma in wurin awo ya sauya, ajiyar da ta fi ma tana iya sauyawa. Akwai kuma ta huɗu, ta manyan rukunai, wadda suke ce wa bango: a gina katanga daga ƙasa har rufi a bayan kujerun gaba, a jera bafil suna kallon gaba, a toshe duk wata kafa ta yadda ba iskar da za ta koma baya. Wannan ta kawar da matsalar karo gaba ɗaya, amma motar ta tashi daga ta iyali.

Na ambaci ramin iska, bari in ɗan tsaya a kansa don a nan ake yawan ɓata aiki. Akwati iri biyu ne aka fi sani: rufaffe, da mai rami. Mai rami ya fi ƙara, shi ya sa masu gasa suka fi son shi. Ramin nan ba ado ba ne. Kamar bakin kwalba yake in ka hura: girman cikin akwati da faɗin ramin da tsawonsa su ke yanke sautin da zai fi fitarwa, kuma a daidai wannan sauti yawancin ƙarar ta ramin take fitowa, bafil ɗin kansa da ƙyar yake motsi. To in ka manna bakin ramin da ƙofar kofur, ka shaƙe shi. In ka matso da shi kusa ba tare da ka shaƙe ba, ƙofar na zama kamar ci gaban ramin, sai sautin akwatin ya ƙara sauka ƙasa. Ƙa'idar da aka saba farawa da ita ita ce a bar tazarar da ta kai aƙalla faɗin ramin, daga nan a riƙa matsawa kaɗan-kaɗan. Kafinta na iya haɗa akwati mai kyan gani, da kafet da fitilu, amma in an huda rami da ka ba lissafi, sai dai a yi ta zargin bafil.

Duk waɗannan ajiyoyi, ba wadda aka ce ita ce ta kowace mota. Golf ba Starlet ba ce, kuma Starlet biyu ma na iya bambanta in ɗaya robar ƙofarta ta mutu. Abin da ya raba masu gasa da mu shi ne awo. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, su kam sun ɗauki maganar a zahirinta: ba su yarda da kunne ba, lamba suke kallo. Da farko za su nemo sautin da motar ta fi so, don kowace mota na da nata, a ƙananan motoci galibi tsakanin 45 da 65 Hz. Su sa 45, su rubuta, su sa 46, su rubuta, har su ga inda lamba ta fi hawa. Sannan su fara matsa akwati santimita biyu-biyu, suna rubutawa. Su kwantar da kujerar baya, su auna. Su tada ta, su auna. Su cire faifan da ke rufe kofur, su matsa kujerar fasinja gaba ko baya, su sauke abin tare rana, duk su auna. Abu guda ake sauyawa a lokaci guda. Wani zai kwashe makonni yana haka don rabin desibel.

Wata Lahadi da yamma mun gwada irin wannan da wani ƙanena mai Golf, wanda ya zo yana neman in ranta mashi kuɗin sabon ampli. Na ce, “Ƙane, ba ni awa biyu tukuna, in ba ta yi ba mu yi maganar kuɗi.” Muka samu alli da littafi. Muka ɗaure salula a gilashin gaba da salatif, muka buɗe manhajar awon ƙara, muka sa sauti guda daga wata wayar. Na hana shi murɗa maɓalli sama, don mikron salula ba ya iya ɗaukar bas mai ƙarfi, da an matsa mashi sai ya riƙa ba da lambar ƙarya. A ƙasa-ƙasa kuwa yana nuna maka ko an hau ko an sauka, kuma shi ke nan abin da ake bukata: wurin da ya fi kyau a ƙaramar murya, shi ne dai ya fi kyau a babba. Muka ja layi da alli a ƙasan kofur, muka juya akwatin ya kalli baya, muka riƙa matsa shi layi-layi, muna rufe ƙofa muna leƙa lambar ta gilashi. Da muka kai wani layi, lamba ta hau, da muka wuce shi ta fara sauka, muka dawo. Ya sa waƙarsa ya saurara, ya dube ni ya ce, “Yaya, me ka ƙara mata?” Na ce alli. Maganar rance ba ta sake tasowa ba.

Akwai abu biyu da ƙasarmu ta ƙara a kan wannan lissafi. Na farko zafi. Gudun sauti na ƙaruwa da zafin iska: a digiri 40 ya kai wajen mita 355 a daƙiƙa. Ma'ana, motar da ta fi son 55 Hz da sanyin safiya, da tsakar ranar watan Afrilu sai ta koma wajen 57, kuma kun san motar da aka rufe a rana cikinta ya wuce digiri 40 nesa. Masu gasa na sake neman sautinsu a ranar wasa saboda haka. Zafin kuma na shiga naɗin wayar da ke cikin bafil. In ta yi zafi sai ta rage karɓar wuta, ƙara ta ragu, mai mota ya ƙara murɗawa, har a ji ƙaurin ƙuna. Su daƙiƙa uku suke yi su kashe. Mu daga gidan amarya har gidan ango ba hutu.

Na biyu wuta. Ampli mai wat 1000 na gaskiya na jan wajen amfiya 100 daga batiri na bolt 12, alhali altarnater ɗin tsohuwar ƙaramar mota da wuya ya wuce 70 ko 80, kuma da shi fitilu da injin ke aiki. Shi ya sa kuke ganin fitilar mota na lumshewa tare da kiɗa. Sannan ba girin-girin ba, ta yi mai: kwalin da aka rubuta wa 5000 W a kasuwa, juya shi ka dubi fizibil ɗin da ke jikinsa. In na amfiya 30 ne, ninka da bolt 14, wat 420 ke nan, kuma ba zai wuce nan ba ko me aka rubuta. Don Allah kuma, duk wanda ya ja babbar waya daga batiri zuwa kofur, ya sa mata fizibil dab da batirin. Wayar da ta bi ƙarƙashin kafet ba fizibil, in ƙarfe ya yanke ta, gobara ce, balle a motar da ake aje bidon ɗin esans a baya.

Yanzu ga rabon iyaye, kuma shi ne ya sa na zauna na rubuta duk wannan. Abin da ya sa mota mai guntun baya ta fi ƙara, wato rashin bango tsakanin kofur da mutane, shi ne kuma haɗarinta. Akwatin katako mai kauri da bafil biyu na iya kai kilo 40. In mota na gudun kilomita 50 a awa ta yi karo, akwatin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiyarsa da ƙarfin abin da aka sako daga tsawon mita 10. Abin da ke gabansa kuwa bayan kujera ne, wadda da yawa sun riga sun kwantar ko makullinta ya lalace, sai kuma wuyan yaran da ke zaune. Kilomita 50 gudun cikin gari ne, ban ma yi maganar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ba. In kun samu layin da ya fi kyau, a kai wa mai walda ya sa ƙarfe da kusoshi ya kama akwatin da jikin mota. Da haka ka tsare layinka, don akwatin da ke yawo a kowane rami ya riga ya bar inda ka auna, ka kuma tsare na bayanka. A bar hanyar ciro tayar sakur ma.

Sai kunne. Kuna ganin bidiyoyi a TikTok da Facebook, an zaunar da mutum a mota gashinsa na tashi, ana dariya. Wannan nuni ne na burgewa. A wajen awo na manyan rukunai ba kowa a cikin mota, mai ita na tsaye a waje da maɓalli a hannu, kuma inda aka yarda a zauna a ciki a ƙananan rukunai, sai da abin toshe kunne. Mutanen da suka fi kowa ƙara a duniya ke nan, sun san abin da suka haɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce abin da kunnen babba ke iya ɗauka lafiya shi ne 80 dB na awa 40 a mako, na yaro 75, ta kuma ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. A ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata a Amurka, 85 dB awa 8 ne, kuma kowane ƙarin 3 dB na raba lokacin biyu, ta yadda a 100 dB minti 15 ya rage. Gaskiya ne bas ba ya yi wa kunne zafi kamar siririn sauti, amma nan ne yaudarar take: tunda ba ka ji ciwo ba sai ka ƙara, ƙananan bafil ɗin ƙofa da masu tsiwa na gaba su ma su hau tare da shi. Ƴan ƙananan gasun da ke can cikin kunne, masu maida sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, in suka mutu ba su tsirowa.

Na tarar da wani dattijo a aikin rediyo, gwanin haɗa sauti, wanda ya yi shekaru da kas a kunne yana murɗa shi sama. Yau in kana mashi magana sai ya juyo da gefe guda yana kallon bakinka, kuma ya taɓa ce mani, “Ɗana, ƙarar da ke cikin kunnena ko da dare ba ta yin shiru.” Mutumin da ya fi mu duka sanin daɗin sauti ke nan. In ka sauka daga mota ka ji kunnenka na “tiiii”, ko muryar mutane ta koma kamar daga cikin rijiya, kunnen ne ke faɗa maka an wuce iyaka. Jariri da ke bayan uwarsa a kujerar baya, kansa bai fi taku guda da akwatin ba, shi ba ya iya faɗa.

Ni ba na cikin masu cewa a hana samari kiɗa. Wanda ya iya lissafin ramin iska ya iya fizik, ko da bai gama lakwal ba, kuma sana'a ce da ake ci da ita. A cikin wasannin dB Drag ma akwai wanda ake ce wa Bass Race, inda ake sa waƙa ta gaske na daƙiƙa 30, kowane rukuni da iyakarsa, kamar 129.9 ko 139.9, wanda ya fi kusantar iyakar ba tare da ya haura ba shi ya ci, wanda ya haura ya faɗi. Ashe har a gidan ƙara, iya riƙe hannu gwaninta ce. In har wata rana samarinmu za su shirya irin nasu, to a yi shi a fili bayan gari, da na'ura, da alƙali, mota ba kowa a ciki, nesa da gidan likita da masallaci da unguwar da tsofaffi ke barci.

Kafin nan, ga abin da kowa zai iya yi a wannan makon ba tare da ya kashe ko dala ba: juya akwatinka ya kalli baya, ba ramin iska wurin numfashi, auna a ƙaramar murya, rubuta, matsa, sake aunawa. In ka samu wurin, ɗaure shi da ƙarfe. In yara sun shiga, rage. Masu gyaran sono na Maraɗi da Damagaram da Kwanni da Yamai, ku da hannunku ke cikin aikin kullum, ku faɗa muna ajiyar da ta fi yi maku a Starlet da wadda ta fi a Golf, don na baya su ƙaru.

Allah ya tsare muna jinmu da ganinmu, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.